Sayen Babbar Kyamara A Filin Jirgi Lokacin Yada Zango: A Yi Lissafi Kafin A Zaro Kati

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka sam mana fili mu amsa wata tambaya da ba ta ƙarewa a bakin masu sha'awar ɗaukar hoto. Mutum zai yi tafiya, jirginsa zai yada zango a Dubai ko Doha ko Singafo na wasu sa'o'i, ya ji an ce kaya a filin jirgi babu haraji, sai ya ce bari ya yi amfani da damar ya sayo babbar kyamarar da ya daɗe yana mafarki. Muna nufin irin su Canon EOS R5, Nikon Z8 ko Sony a7 IV, waɗanda idan aka haɗa da lensi mai kyau kuɗinsu kan kai dubban daloli. Ra'ayinmu, mu da muke wannan sana'a, shi ne cinikin yana iya yin kyau, amma sai ga wanda ya gama shawara da lissafi tun yana gida. Wanda ya bari sai ya ga kyamara tana walƙiya a bayan gilashi sannan ya fara tunani, sau da yawa garin neman ƙiba yake samo rama.

Mu fara da maganar harajin, tunda ita ce ke jan mutane. An buɗe shagon farko marar haraji a filin jirgin Shannon na ƙasar Ayalan a 1947, kuma tun daga lokacin ribar matafiyi ta fi fitowa a kayan da gwamnatoci ke lafta wa haraji na musamman, irin su taba da barasa. Kyamara ba ta cikin wannan sahu. Abin da ake cire mata shi ne harajin saye, wato VAT, kuma girmansa ya bambanta ƙwarai. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kashi 5 ne cikin 100 tun 2018. A Singafo kashi 9 ne tun farkon 2024, a Japan kashi 10, a Jamus 19, a Faransa da Turkiyya 20. Hong Kong ba ta da wannan haraji ko kaɗan, don haka a can shagon filin jirgi ba shi da abin da zai cire maka wanda shagon cikin gari bai riga ya cire ba. Birtaniya kuwa ta soke mayar wa baƙi harajin saye daga 1 ga Janairun 2021, ta kuma daina sayar da kayan lantarki ba haraji a filayen jiragenta. Duk wanda ke sa ran ragi a Landan da tsohon labari yake aiki.

Akwai kuma kuskuren lissafi da kusan kowa ke yi. Idan an ce haraji kashi 20 ne, ba kashi 20 na kuɗin da ke jikin kaya za a cire ba, domin harajin yana cikin wannan kuɗin tuntuni. Kaya mai farashi 120 harajinsa 20 ne, wato kashi 16.7 na abin da ka biya. Na kashi 5 kuwa yana komawa kashi 4.8. Mu ɗauki misali: kyamara an rubuta mata dirhami 10,500 a cikin garin Dubai. Harajin da ke ciki dirhami 500 ne, kimanin dala 136 bisa canjin dirhami 3.67 a dala ɗaya. Idan bankinka yana cajin kashi 3 kan sayayya da kuɗin waje, ya ɗauke dirhami 300 da ɗoriya. Me ya rage? Abin da bai kai kuɗin batir ɗaya na asali ba. Ga shi kuma shagunan filin jirgi suna biyan haya mai tsada, galibi suna sayarwa kan cikakken farashin kamfani, alhali manyan shagunan kyamara a gari ko a intanet kan yi ragi, wani lokaci kamfanin da kansa ya mayar da wani abu ga masu saye a wata ƙasa. Sai ka ga farashi marar haraji ya fi mai haraji tsada.

Saboda haka abu na farko: kwana biyu ko uku kafin tafiya, rubuta a takarda ainihin samfurin da kake so, da farashinsa a wajen dillalin da kamfani ya amince da shi a ƙasarka, da farashinsa a ƙasar da za ka yada zango, ka mayar da su kuɗi iri ɗaya. Ka lura ko farashin na gangar jiki ne kawai ko har da lensi, domin nan ake yawan ruɗa mutane. Dubai Duty Free da filin Changi na Singafo duk suna da shafin da ake ganin kaya da farashi, ana ma iya yin oda a ajiye maka ka karɓa idan ka sauka. Wannan yana da amfani, domin shagon filin jirgi ba ya tara manyan kyamarori da yawa, yana iya zama guda ɗaya ce tak, kuma ita ce ta nuni wadda kowa ya tattaɓa. A ganinmu, idan bambancin bai kai kashi 15 cikin 100 ba bayan an cire cajin banki da harajin da za ka biya a gida, a bar shi.

Dalilin da ya sa muka sa wannan ma'auni shi ne garanti, kuma nan ne muke so mai karatu ya fi tsayawa. Yawancin kamfanonin kyamara suna raba duniya shiyya-shiyya. Kyamarar da aka shigo da ita Gabas ta Tsakiya garantinta na can ne, wadda aka sayar a Amurka na can ne, ta Japan na Japan. Idan allo ya mutu ko sensa, wato sashen da ke kama hasken hoto, ta samu matsala bayan wata huɗu, cibiyar gyara ta ƙasarka za ta duba lambar siriyal ta ce wannan ba kayanmu ba ne, ka biya. Ko kuma ka aika ta ƙasar da ka saya, ka biya kuɗin aikawa da inshora zuwa da dawowa, ka zauna makonni ba kayan aiki, wataƙila ma kwastam su nemi haraji a kanta karo na biyu idan takardu ba su cika ba. Nikon a da tana ba da garantin duniya kan lensunanta, amma ta daina daga Janairun 2021. Reshenta na Amurka kuma an san shi da ƙin taɓa kayan da ba ta hannunsa suka shigo ba, ko da mai kayan ya yarda zai biya. A babbar kyamara, sauya sensa ko babban allon ciki yana cin kaso mai tsoka na kuɗin sabuwa. Gyara ɗaya ya isa ya cinye ragin da ka samu har ya ɗora maka bashi.

Kada ka yarda da maganar baki. Mai shago zai ce maka garantin na duniya ne, ka ce ya buɗe takardar garantin ka karanta jerin ƙasashen da idonka. Ka duba an rubuta lambar siriyal da ranar saye, an buga hatimin shagon. Ka bambanta garantin kamfani da garantin shago: na shago yana nufin ka dawo wannan shagon, kuma shagon yana bayan shingen bincike a filin jirgin wata ƙasa, inda ba ka isa gare shi sai da tikiti a hannu. Ya fi kyau tun kafin tafiya ka rubuta wa cibiyar gyaran kamfanin a ƙasarka ka tambaye su kai tsaye ko za su karɓi wannan samfuri idan an saya a ƙasa kaza, ka ajiye amsarsu.

Japan tana da tarko nata daban, kuma abin takaici ne domin can ne farashi ya fi jan hankali. Kyamarorin Sony da aka yi wa kasuwar cikin gida menu ɗinsu Japananci ne zalla, ba ka iya sauya shi daga cikin saiti. Akwai samfurin da ake yi wa baƙi mai harsuna da yawa, amma ya fi tsada, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Na Canon da Nikon galibi suna da Japananci da Turanci, amma mai neman Larabci ko Faransanci ya duba kafin ya biya. Babbar kyamara tana da ɗaruruwan saituna. Sarrafa ta cikin rubutun da ba ka karantawa wahala ce ta kullum, kuma ranar da ka tashi sayarwa darajarta ta faɗi. A shagunan Japan masu alamar cire haraji, ana cire wa baƙo kashi 10 ɗin nan take idan ya nuna fasfo kuma sayayyarsa ta kai yen 5,000, sai dai gwamnatin ta sanar cewa daga Nuwamban 2026 za a koma biyan cikakken kuɗi, a mayar da harajin bayan an tantance kayan wajen fita.

Sai batun fita cikin gari, domin wanda ya gane shagon filin jirgi ba shi da araha zai ce to bari in leƙa gari in dawo. Da farko ka tabbatar fasfonka yana ba ka damar fita. Ƙasashe da yawa suna neman bizar wucewa wadda ake nema tun kafin tafiya, ba a ƙofa ba. Bayan haka ka zauna ka yanka lokacin. A ce zangon awa 8 ne. Sauka daga jirgi da layin jami'an shige da fice, ka ware awa ɗaya. Tafiya gari da dawowa, awa biyu idan ba cunkoso. Ka dawo filin jirgi aƙalla awa biyu da rabi kafin tashi, domin za a sake bincikenka daga farko, ga layin tantance takardar haraji, kuma ana rufe ƙofar shiga jirgi minti 15 zuwa 20 kafin lokacin da ke kan tikiti. Abin da ya rage maka awa biyu da rabi ne. A Hong Kong jirgin ƙasan filin jirgi yana kai ka tsakiyar gari cikin minti 24, a Dubai jirgin ƙasa na cikin gari yana tsayawa a tasha ta 1 da ta 3, amma filin jirgin Narita yana da nisan kusan awa ɗaya daga tsakiyar Tokyo. Zangon da bai kai awa 6 ba, kada ma ka soma. Ka kuma duba agogo: jirage da dama suna yada zango a Dubai da Doha tsakar dare, shagunan gari kuwa da yawa ba sa buɗewa kafin ƙarfe 10 na safe. Idan jirgi ya tafi ya bar ka saboda ka makara, laifinka ne a wurin kamfani, suna iya soke ragowar tikitin har da na dawowa.

Wanda ya sayi kaya a gari kuma yana son a mayar masa da haraji, ga yadda abin yake. Ka faɗa wa mai shago tun kafin ya buga rasit, ka ba shi fasfo, domin ba kowane shago ke cikin tsarin ba, kuma bayan ka fita ba a gyarawa. Kowace ƙasa tana da mafi ƙarancin sayayya: dirhami 250 a Daular Larabawa, dalar Singafo 100 a Singafo, sama da yuro 100 a Faransa, sama da yuro 50 a Jamus. Kyamara ta wuce duk wannan. A filin jirgi za ka je wurin tantancewa da fasfo, takardar shiga jirgi, rasit, da kayan kansu, domin jami'i na iya cewa a buɗe ya gani. A Tarayyar Turai ana tantancewa ne a ƙasar ƙarshe da za ka fita daga tarayyar, ba lalle inda ka saya ba. Kamfanonin da ke gudanar da mayarwar, irin su Global Blue da Planet, suna cire ladansu, don haka abin da zai dawo hannunka bai kai cikakken harajin ba. Idan ka zaɓi tsabar kuɗi a wani kuɗin daban, sai a ƙara yankarka a canji. Mayarwa cikin kati ta fi tsafta, ko da za ta ɗauki kwanaki.

A shagunan unguwannin da baƙi ke yawan bi akwai wata tsohuwar dabara da ya kamata a sani. Za a faɗa maka farashi mai daɗi, ka biya, sai a ce an aika yaro sito. Ana cikin jira sai a fara kushe wadda ka zaɓa, a ce tana zafi ko ta tsufa, a kawo wata daban a ce ta fi ta, ka ƙara kaɗan. Sun san agogo yana bin ka. Wata dabarar kuma a rage kuɗin kyamara a mayar da shi kan jaka, gilashin kariya, kati da batir na ƙari, waɗanda za a ce dole ne a haɗa. Maganin duka ɗaya ne: shagon da sunansa ke cikin jerin dillalai a shafin kamfanin, kuma kada kuɗi ya bar hannunka sai kwalin yana gabanka a kan kanta.

Wajen biya, na'urar kati za ta tambaye ka ko ka biya da kuɗin ƙasar ko da kuɗin katinka. Zaɓi kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta. Idan ka zaɓi ɗayan, kamfanin na'urar ne ke yanke canjin da kansa, kuma kusan kullum ya fi na bankinka muni. A kan dubban daloli bambancin ba ƙarami ba ne. Ka sanar da bankinka kafin tafiya, ka tambayi iyakar abin da katin ke iya biya a rana da a wata a ƙasar waje. Babu abin da ya kai ɓata rai kamar kati ya ƙi a gaban kanta, layin wayarka ba ya aiki a can balle lambar tabbatarwa ta shigo. Mai ɗauke da tsabar kuɗi kuma ya tuna ana bayyana abin da ya kai yuro 10,000 wajen shiga ko fita Tarayyar Turai, da abin da ya haura dala 10,000 a Amurka.

Yanzu ga abin da muka fi ɗauka da muhimmanci bayan garanti, wato gwaji a gaban mai shago. Sayen kyamara a rufe a tafi da ita wata nahiya cinikin biri a sama ne. Shaguna da yawa ba za su buɗe sabon kwali ba sai an biya, wannan ba laifi ba ne. Amma ka yi sharaɗi tun farko: zan biya, zan buɗe a nan, idan da aibi za a sauya min yanzu. Ka zo da katin memori naka, da abin caji mai USB-C, domin sabon batir yana zuwa da ɗan caji kaɗan, wani lokaci bai isa ya kunna ta ba. Ka ware minti 30.

Fara da lambar siriyal: ta ƙarƙashin kyamara, ta jikin kwali, ta takardar garanti da ta rasit su zama ɗaya. Juya ta ka dubi ramin da ake ɗaura ta kan ƙafa, idan akwai zoben gogewa a kewayensa an taɓa amfani da ita. Dubi ƙarfen bakin da lensi ke shiga da wurin ɗora fitila a sama, sababbi ba su da ƙarzuwa. Idan ka kunna, sabuwa za ta nemi ka zaɓi harshe ka saita kwanan wata. Hoton farko a katin da ba komai a ciki ya kamata ya fito da lamba 1, ko da yake ana iya mayar da wannan lamba baya, don haka ba hujja ba ce ita kaɗai. Nikon da Sony suna rubuta adadin bugun shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a duk ɗaukar hoto, a cikin bayanan hoto, akwai shafukan da ke karanta shi. Na Canon ya fi wuyar samu, Z8 kuwa ba ta da shotar ƙarfe sam. Idan ka girgiza ta a hankali tana kashe ka ji wani abu yana motsi a ciki, kada hankalinka ya tashi, sensar ce ke lilo a kan na'urar hana rawar hoto, da an kunna take tsayawa.

Daga nan sai sensa. Sa ISO, wato saitin ƙarfin karɓar haske, a 100, matse ƙofar hasken lensi zuwa f/16 ko f/22, ka kawar da fokas, ka ɗauki farar takarda tana cika hoton kana ɗan motsa kyamarar. Buɗe hoton ka faɗaɗa shi, ka bi shi kusurwa-kusurwa. Ɗigon baƙi ɗaya ko biyu ƙura ce, ana hure ta da robar hura iska. Dogon layi ko tabo mai kama da ɗigon mai wani abu ne daban, a sauya. Sai ka rufe lensi da murfinsa ka ɗauki hoton duhu na daƙiƙa ɗaya ko biyu: ɗigo ja ko kore ko fari da ke fitowa wuri ɗaya a kowane hoto alamar fiksel ne, wato ƙwayar ɗigon sensa, da ya maƙale. Kaɗan daga cikinsu kyamarar tana iya ɓoyewa da kanta ta hanyar saiti, amma tari a wuri ɗaya ko layi a tsaye ba abin karɓa ba ne. Gwada ramukan kati biyun, danna kowane maɓalli, juya kowace ƙafar saiti, leƙa madubin ido, taɓa allo a duk gefensa, ɗauki bidiyon minti ɗaya ka saurari sautin.

Lensi ma yana da nasa. Haska shi da fitilar waya daga baya ka duba ciki. Juya zoben zum daga farko zuwa ƙarshe, kada ya cije a tsakiya. Gwajin da mutane ke tsallakewa shi ne na karkacewar gilasan ciki: buɗe ƙofar haske iyakarta, saita fokas kan wani rubutu mai nisa, kashe fokas mai saita kansa, sannan ka ɗauki rubutun sau huɗu, kowane karo a wata kusurwa ta hoton. Idan kusurwa ɗaya ta fi sauran dishi-dishi a fili, lensin ya karkace tun daga masana'anta. Ka yi wannan a cikin shagon da izininsu. A filayen jirage da yawa ɗaukar hoton wurin bincike ko jami'ai laifi ne, kuma dogon lensi yana jan ido.

Akwai ƙananan abubuwa da ke hana sabuwar kyamara aiki a makon farko. Bakin lensi: sababbin Canon RF ne, Nikon Z, Sony E. Tsofaffin lensunan Canon EF da Nikon F suna aiki a kansu, amma sai da mahaɗi, wanda ake saye daban kuma shagon filin jirgi ba lalle yana da shi ba. Katin memori: R5 da Z8 suna cin CFexpress nau'in B tare da SD, a7 IV kuwa nau'in A ne, kuma ba sa shiga ramin juna. Caja: wasu sababbin samfura ba sa zuwa da cajar waje, ta USB ake caji, don haka karanta jerin abin da ke cikin kwali. Cajojin kamfani yawanci suna karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, matsalar kan filogi ce kawai: mai ƙafa uku masu kusurwa a Dubai, Doha, Singafo da Hong Kong, mai ƙafa biyu zagayayyu a Turkiyya da yawancin Turai, mai ƙafa biyu fale-fale a Japan da Amurka. Mai ɗaukar bidiyo ya duba saitin PAL da NTSC, wato tsarin yawan firam (hotuna) a daƙiƙa. Inda wutar lantarki ke bugawa sau 50 a daƙiƙa ana ɗauka da firam 25 ko 50, inda take sau 60 da firam 30 ko 60. Idan aka saɓa, fitilun ɗaki za su riƙa ƙyafta a bidiyon. Yawancin manyan kyamarori suna sauyawa, amma a tabbatar a shago.

Wajen ɗaukar kaya, kyamara da lensi a jakar hannu suke tafiya, ba a kayan awo ba, saboda sata da jifa. Batir na ƙari kuwa doka ce ma: batirin litiyum da ba ya cikin na'ura ba ya shiga kayan awo. Har zuwa 100Wh (ma'aunin wutar da batir ke ɗauka) ba ya buƙatar izini, daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfanin jirgi kuma biyu kawai. Batiran waɗannan kyamarori, irin su NP-FZ100 na Sony da EN-EL15c na Nikon, kimanin 16Wh ne, ba su kusa da iyaka ba. A rufe bakinsu da murfi ko salatif kada su haɗu da makulli ko tsabar ƙarfe. Nauyi ma abin dubawa ne: kamfanoni da yawa kilo 7 ko 8 suke ba ƙaramin aji a jakar hannu. Z8 da batirinta gram 910 ce, lensin 70-200 mai f/2.8 yana tsakanin kilo 1 da 1.5, ga kwalaye. Idan jirgi ya cika aka ce a miƙa jakunkunan hannu a ƙofa, ciro kyamarar da batura ka rataya a wuya kafin ka miƙa.

Saura kwastam na inda za ka sauka, wanda mutane ke mantawa da shi a lissafi. Rashin haraji a filin jirgi yana nufin ƙasar da ka saya ta yafe nata, bai shafi ƙasar da za ka shiga da kayan ba. Kowace ƙasa tana da iyakar abin da matafiyi zai shigo da shi kyauta: dala 800 ga mazauna Amurka, yuro 430 ga masu shiga Tarayyar Turai ta jirgin sama, fam 390 a Birtaniya. Babbar kyamara ta ninka waɗannan sau da yawa, kuma a Turai da Birtaniya idan kaya guda ɗaya ya haura iyaka ana cajin cikakken kuɗinsa ne, ba abin da ya hau kawai ba. Ƙasashe da dama ba sa ɗora kuɗin fito kan kyamarar dijital, amma suna karɓar harajin sayensu, wanda zai iya fin wanda ka kauce wa. Ka nemi ƙa'idar ƙasarka daga hukumar kwastam kafin tafiya ka sa ta cikin lissafin takardar nan.

Za ka ji masu ba da shawarar a jefar da kwali a rataya kyamara kamar tsohuwa. Ba ma goyon bayan haka. Ɓoye kaya ne, idan aka gane akwai tara, wani wurin har da ƙwacewa, kuma jami'in da ya saba aikinsa yana gane sabuwar kyamara daga igiyarta da ba ta lanƙwashe ba. Bayan haka kwalin yana da amfani ranar mayarwa ko sayarwa. Bi layin masu bayyana kaya, nuna rasit, biya, karɓi takardar shaidar biya. Ka ɗauki hoton rasit ɗin nan take, domin rubutun takardar da na'urar rasit ke bugawa yana gogewa cikin watanni, musamman a zafi. Haɗa shi da takardar kwastam da ta garanti ka ajiye kwafi a waya. Su za a nema wajen inshora, wajen gyara, da duk lokacin da ka sake fita da kyamarar ka dawo aka tambaye ka inda ta fito.

Mun gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu sana'ar ɗaukar hoto da gyaran kyamara